Tambaya da Amsa: Kuɗin Asambuli, Bashin Ƙasa da Kwatar Unguwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, 'yan'uwanmu na Kano da Sakkwato idan hanya ta lalace gwamna suke kamawa da laifi. Mu nan wa za mu kama? Ga ministan yanki, ga shugaban Asambuli, ga ɗan majalisa, duk wanda ka je wajensa sai ya ce kuɗi ba su zo ba. A ina kuɗin suke maƙalewa?
*Daga wani tela, Nima, Accra*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tsarin Ghana daban yake da na Najeriya. Can jiha gwamnati ce sukutum: tana da zaɓaɓɓen gwamna, da majalisar dokoki, da kasonta daga asusun tarayya duk wata, tana kuma cin bashi da sunanta. Yankunanmu 16 ba su da ko ɗaya a cikin waɗannan. Ministan yanki shugaban ƙasa ne ke naɗa shi, majalisar da yake shugabanta kuma aikinta daidaita ayyukan gundumomi, da sa ido, da harkar tsaro. Ba ta karɓar haraji. In ka kai masa kukan kwata, iyakarsa ya rubuta wasiƙa ko ya buga waya.

Hukumar da ke da kasafi na kanta a ƙarƙashin gwamnatin tsakiya ita ce Asambuli, wato ƙaramar hukumar gunduma ko birni, kuma guda 261 ne a faɗin ƙasar. Tun 2018 Nima ta koma ƙarƙashin Ayawaso ta Gabas, Maamobi kuma Ayawaso ta Arewa. Har yanzu akwai masu ɗaukar takardunsu su nufi babban ofishin AMA, wato Asambulin birnin Accra, su ɓata yini guda a maido su gida.

Kuɗin Asambuli ba ta ƙofa ɗaya suke shigowa ba. Albashin yawancin ma'aikatanta gwamnatin tsakiya ke biya kai tsaye, adadin yana bayyana a takardar kasafi amma ko pesuwa ba ta biyowa ta hannun Asambuli. Sai abin da take tarawa da kanta: harajin gida, lasisin shago, tikitin kasuwa da na tasha, kuɗin izinin gini, tara, da ɗan lampon da ake karɓa kan kowane baligi. Wannan ne kaɗai kuɗin da take da cikakken iko a kansu, kuma mafi yawansu a man mota, alawus na zaman majalisa, albashin ma'aikatan wucin gadi da kwasar bola suke ƙarewa. Ƙa'ida ta ce a ware kashi 20 cikin 100 nasu don gine-gine. Asambuli da yawa ba sa kaiwa. Akwai kuma wani tallafi da ake bayarwa bayan an auna yadda Asambuli ta riƙe littattafanta da yadda ta bi ƙa'idar ba da kwangila, wadda ta faɗi awon ta rasa.

Babbar ƙofar ita ce asusun bai-ɗaya na gundumomi, wanda kowa ke kira Koman Fan. Sashe na 252 na kundin tsarin mulkin 1992 ya ce a ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na dukkan kuɗin shigar ƙasa, a riƙa biya duk wata uku. Kowace shekara mai kula da asusun yana kai wa majalisar dokoki tsarin rabo, ita ta amince. Ana duba talaucin gunduma ta fuskar asibiti, makaranta, ruwa da hanya, da cunkoson jama'a, da wani kaso da ake raba wa kowa daidai.

A nan kuɗin suke maƙalewa, ta hanya uku. Ta farko, rage tushen da ake cire kashi 5 ɗin daga ciki. Dokar 2017 mai lamba 947 ta sa wa duk asusun da aka keɓe iyaka, har sai da wasu 'yan majalisa biyu suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke a 2019 cewa ba a yi wa Koman Fan haka, kuma a lissafa har da kuɗin man fetur da ke shiga kasafi. Ta biyu, yanka tun daga sama. Kafin kuɗin su iso gunduma an cire na shirye-shiryen ƙasa, da na feshin magani da tsaftar gari da aka ƙulla kwangilarsu a Accra ba da sanin 'yan unguwa ba. Shi ya sa alkawarin da Ministan Kuɗi Cassiel Ato Forson ya yi a kasafin 2025, cewa aƙalla kashi 80 cikin 100 na asusun zai tafi kai tsaye ga Asambuli, ya zama labari. Ta uku, jinkiri. Baitulmali yana biyan albashi da kuɗin ruwan bashi tukuna, saura ya bi baya. A 2022 kuɗin ruwa kaɗai ya ci kusan rabin abin da gwamnati ta tara. Asambuli ita ce mai jarkar ƙarshe a layin famfo, ranar da ruwa ya yi rauni ita ke komawa gida hannu banza. Kason watanni ukun ƙarshen shekara ya sha isowa a tsakiyar shekara mai zuwa, bayan farashin siminti ya canza.

Ɗan majalisa yana da ɗan kaso a cikin wannan asusun. Kuɗin suna zama a asusun Asambuli, shi ya zaɓi aikin, ita ta biya. Sun isa gyaran rufin makaranta, rijiyar burtsatse ko tallafin ɗalibai, ba su isa kwalta ba. Duk ɗan takarar da ya ce zai yi maka titi da kasonsa, ko bai san aikin ba ko ya san ba ka sani ba.

Shi kuwa shugaban Asambuli, shugaban ƙasa ke gabatar da sunansa, kashi biyu cikin uku na mambobin da suka halarta suka jefa ƙuri'a su amince, alhali kashi 30 cikin 100 na mambobin ma naɗa su aka yi. Shirin da aka yi a 2019 na gyara tsarin mulki domin jama'a su riƙa zaɓensa an janye shi ana saura 'yan kwanaki a yi ƙuri'ar raba gardama. A ganinmu wannan ne babban dalilin da ya sa ba ka jin shugaban Asambuli ya fito rediyo yana ƙorafin an riƙe masa kuɗi. Wanda ya riƙe su shi ya ba shi kujerar.

Tambaya: Malam, an tashe mu daga babbar kasuwa aka ce za a gina sabuwa. Shekaru sun wuce muna rakuɓe, gini ya tsaya, amma masu tikitin KMA, Asambulin birnin Kumasi, ba su taɓa fashin zuwa ba. Shin bashin ginin muke biya da tikitin nan?
*Daga wata mai sayar da atamfa, Kumasi*

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara haƙuri. A'a, tikitinki ba ya zuwa wajen masu bin bashin ginin. Yana shiga asusun KMA ne, a yi shara da gadi da biyan ma'aikata da shi.

KMA ba ta isa ta ci irin wannan bashi ba. Tsohuwar dokar ƙananan hukumomi ta 1993 ta taƙaita abin da Asambuli za ta ranta ba tare da izini ba a tsohuwar sidi miliyan 20, wato sidi 2,000 a kuɗin yau. Dokar kula da dukiyar gwamnati ta 2016, mai lamba 921, ta ce Asambuli ba ta cin bashi sai a cikin gida, kuma iya abin da Ministan Kuɗi ya yanka mata. Saboda haka duk wani babban gini da kika gani a Kumasi da rancen waje, bashin gwamnatin tsakiya ne, majalisar dokoki ta amince da shi.

Kashin farko na ginin kasuwar Kejetia, mai shaguna sama da 8,000, kamfanin Contracta na Brazil ne ya gina shi. Kashi na biyu, wanda ya shafe ku, an ƙaddamar da shi a watan Mayun 2019 a kan yuro miliyan 248, rance daga Deutsche Bank wanda hukumar tallafa wa fitar da kaya ta Birtaniya ta tsaya masa. Irin wannan rancen ba a zuba shi gaba ɗaya a asusun Ghana. Ɗan kwangila zai yi wani sashe na aiki, injiniya ya sa hannu, banki ya biya shi kai tsaye, sannan a rubuta adadin a kan Ghana. Ranar 19 ga Disamban 2022 gwamnati ta sanar da dakatar da biyan yawancin bashinta na waje. Bankin da aka daina biya ba zai ci gaba da sakin sabon kuɗi ba, ɗan kwangilar da ba a biya ba kuma sai ya sallami ma'aikata ya kulle ƙofa. Abin da ya faru ke nan, ba a Kumasi kaɗai ba. A kasafin 2025 ministan kuɗi ya lissafa ayyuka 55 da suka tsaya ta wannan hanya, da ragowar rance na kimanin dala biliyan 3 da ba a saki ba.

Komawa aiki ba ya zuwa da sanarwa kawai. Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, ya amince wa Ghana da dala biliyan 3 a watan Mayun 2023, bisa sharaɗin ta sasanta da masu binta. An cimma matsaya da ƙasashe masu bin bashi, ƙarƙashin jagorancin Sin da Faransa, a Janairun 2024, amma sai an sake zama da kowace ƙasa ita kaɗai an sa hannu kafin bankinta ya buɗe hannu. Ko an sa hannun, kasafin 2025 ya ce shirin IMF ya taƙaita abin da za a ja daga irin waɗannan rance a dala miliyan 250 a shekara. Raba biliyan 3 da wannan, shekara 12 ke nan, in ba a fifita wasu ayyuka a kan wasu ba. Ga kuma kuɗin tsaiko da ɗan kwangila zai nema: hayar injinan da suka zauna, gadi, rodin da ya yi tsatsa, da bambancin farashi tsakanin 2019 da ranar komawa.

Abin da ke hannunki shi ne takardunki. Ajiye shaidar rajistar da aka yi muku lokacin tashi, da tsohuwar takardar shago, da rasit-rasit na tikiti da lasisi, ki ɗauki hotonsu ki ba wani amintacce kwafi. Ranar rabon shaguna da jerin sunaye ake aiki, kuma a irin wannan rabon ne sunaye ke ɓacewa. Ƙungiyarku ta nemi kwafin jerin tun yanzu, mai hatimi.

Tambaya: An fara gina kwata a layinmu, aka haƙa rami aka zuba siminti rabi, ɗan kwangila ya kwashe kayansa. Damina ta zo ruwa yana shiga ɗakuna. Asambuliman ɗinmu, wato wakilin unguwarmu a Asambuli, ya ce ba aikinsu ba ne. Ta yaya za mu gane gaskiya?
*Daga wani limamin unguwa, Aboabo, Kumasi*

Amsa: Allah gafarta Malam, mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, mai yiwuwa kuma bai bincika ba. Matakin farko shi ne gano aljihun da aikin ya fito. Ƙaramar kwatar cikin layi galibi ta Asambuli ce, ku kuma taku ita ce Asokore Mampong. Kwatar da ke bin gefen titin kwalta tana cikin kwangilar titin, wato Sashen Hanyoyin Birane. Babban magudanin da ke ɗaukar ruwan unguwanni yana hannun hukumar kula da magudanan ruwa ta ƙasa, ƙarƙashin Ma'aikatar Ayyuka, Gidaje da Albarkatun Ruwa. Akwai kuma ayyukan Asusun Raya Zango, da aka kafa da dokar 2017 mai lamba 964, waɗanda daga Accra ake ba da kwangilarsu. In akwai allo a bakin aikin, ku ɗauki hotonsa kafin ya ɓace, domin a kansa ake rubuta mai aikin, ɗan kwangila, tushen kuɗi da wa'adi.

In babu allo, ku duba kasafin Asambuli na shekarar da aka fara aikin. Ma'aikatar Kuɗi tana saka kasafin kowace gunduma a shafinta na intanet, wani yaro mai waya zai sauke muku. A jerin ayyuka za ku ga sunan aiki, adadin kuɗi, da inda za su fito. In kwatarku ba ta ciki, ba ta Asambuli ba ce, ko kuma an fara ta ba tare da kasafi ba, wanda shi ne mafi muni.

Daga nan sai wasiƙa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2019, mai lamba 989, ta ba kowa damar tambaya ba tare da ya faɗi dalili ba. A rubuta wa jami'in bayanai na hukumar, a nemi abu huɗu ƙarara: kwafin kwangila, jimillar kuɗinta, takardun shaidar aikin da injiniya ya sa wa hannu, da abin da aka biya zuwa yau. A kai kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata a dawo da shi. Suna da kwana 14 su ba da amsa. In sun yi shiru ko sun hana, a ɗaukaka wa shugaban hukumar, in bai yi ba a kai wa Hukumar 'Yancin Samun Bayanai. Wanda bai iya rubutu ba yana iya faɗa da baki, jami'in ya rubuta masa. Kuɗin da doka ta yarda a karɓa na kwafin takardu ne.

Amsar za ta nuna muku ɗaya daga biyu. Yadda ake biyan kwangila shi ne: a ba ɗan kwangila kuɗin fara aiki, galibi har kashi 15 cikin 100, bayan ya kawo takardar lamuni daga banki ko kamfanin inshora. Sauran sai ya yi aiki injiniya ya auna, ana riƙe wani ɗan kaso daga kowane biya har wa'adin gyaran aibu ya wuce. To in takardun suka nuna ya yi aikin sidi 400,000 an biya shi 150,000, ba gudu ya yi ba, kuɗinsa ne suka ƙare, kuma hukuma ce abin matsa wa. A ƙarshen 2024 irin wannan bashi da gwamnati ta tara na 'yan kwangila da masu kawo kaya ya kai sidi biliyan 67.5, kamar yadda kasafin 2025 ya bayyana. Wanda ya karɓi aiki a farkon 2022 dala tana wajen sidi 6, kafin Nuwamba ta ninka, farashin rodi ya bi ta. In kwangilarsa ba ta da sharaɗin daidaita farashi, kowane buhun siminti asara ne a gare shi.

In kuwa takardun suka nuna an biya shi 400,000 a kan aikin da bai kai na 150,000 ba, magana ta canza. Wani injiniya ya sa hannu a kan abin da babu. Nan sai a rubuta wa kwamitin ƙorafe-ƙorafe na Asambuli, wanda shugaban zaman majalisa ke jagoranta, a aika kwafi ga ofishin Babban Mai Binciken Kuɗi na yanki. Sashe na 187 na tsarin mulki ya ba Babban Mai Binciken Kuɗi ikon tilasta wa jami'i ya biya daga aljihunsa, Kotun Ƙoli kuma ta ce a 2017 wajibi ne ya yi amfani da ikon. Ku tambaya ko takardar lamunin kuɗin fara aiki tana da rai, domin sau da yawa ana barinta ta mutu ba a karɓo komai ba.

Kafin duk wannan ya yi tasiri, a nemi sashen ayyuka na Asambuli ya buɗe wa ruwan hanya a ƙarshen ramin. Kwatar da aka bari rabi ta fi babu kwata ɓarna, tana tara ruwa ta juye shi a gidan da ya fi kwari.

Tambaya: Rediyo kullum cewa take hauhawar farashi ta sauka. Ni dai olonkar shinkafa, wato gwangwanin awo, ba ta koma farashinta na da ba. Ƙarya suke mana?
*Daga wata mai waake, Sabon Zongo, Accra*

Amsa: Ba ƙarya ba ce, Hajiya, abin da suke aunawa ne daban: saurin tashin farashi, ba farashin kansa ba. A Disamban 2022 awon ya kai kashi 54.1 cikin 100, a Disamban 2023 ya zama 23.2, a Disamban 2024 kuma 23.8. Kayan da kika saya sidi 100 a ƙarshen 2021 sun koma 154, sannan 190, sannan 235. Ko awon ya sauko ƙasa da kashi 10, kamar yadda ya yi a Satumban 2025, a kan 235 ɗin ake ɗorawa. Kayan da ake shigowa da su, irin su shinkafar waje da man girki, suna iya sauka idan sidi ta yi ƙarfi, amma sai dillali ya sayar da tsohon kayan da ya saya da dala mai tsada. Haya da kuɗin ƙwadago ba sa komawa baya.

Tambaya: Na yi ritaya, kuma ina cikin waɗanda aka canza wa takardun lamunin gwamnati a 2023. Yanzu ɗana yana so in zuba ɗan abin da ya rage a tireshari bil, takardar lamunin gwamnati ta gajeren wa'adi. Ba za a sake yi mana irin waccan ba?
*Daga wani tsohon malamin makaranta, Madina, Accra*

Amsa: Baba, tsoronka yana kan hanya. Musayar da aka ƙaddamar ranar 5 ga Disamban 2022 ba ta taɓa uwar kuɗi ba, amma ta tsawaita wa'adi ta rage kuɗin ruwa a lokacin da farashi ke tashi da fiye da kashi 50, wannan kuwa asara ce ko ba a kira ta da sunanta ba. Bayan zaman dirshan da 'yan fansho suka yi a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Fabrairun 2023, har da tsohuwar Alƙaliyar Alƙalai Sophia Akuffo, an keɓe 'yan fanshon da suka ƙi shiga. Ɗaiɗaikun da suka shiga an ba masu shekara 59 zuwa sama kuɗin ruwa na kashi 15, na ƙasa da haka kashi 10. Masu bin Ghana bashin dala a kasuwannin waje sun fi jin jiki, a Oktoban 2024 aka yanke kashi 37 cikin 100 na mafi yawan dala biliyan 13 da suke bi.

Tireshari bil ba a taɓa shi ba, kuma ba don tausayi ba. Da kasuwar waje ta rufe, ta dogon wa'adi ta gida ta mutu, gwanjon da ake yi duk Juma'a shi kaɗai ya rage wa gwamnati wajen samun rance a kasuwa. Amma babu dokar da ta ce ba za a taɓa shi ba har abada, wanda ake bin bashin ɗaya ne, wato gwamnati. Abin lura shi ne 2027 da 2028, lokacin da manyan kaso na sababbin takardun za su nuna a biya uwar kuɗinsu.

In ka yanke shawarar shiga, akwai na kwana 91, 182 da 364. Kuɗin ruwan na kwana 91 ya kai wajen kashi 35 a ƙarshen 2022, ya faɗo ƙasa da 15 a rabin ƙarshe na 2025, don haka ka tambayi na makon da kake ciki ka cire hauhawar farashi daga ciki, abin da ya rage shi ne ribarka ta gaskiya. Hukuncin kuɗin ruwa a addini kuwa na malamai ne, a tambaye su kafin a je banki. A wajen cike takarda ka duba layin da ke tambayar abin da za a yi in wa'adi ya cika, domin in ka zaɓi a sake juyawa, banki zai ci gaba da mayar da kuɗin ciki ba tare da ya kira ka ba. Ka tabbatar an buɗe maka asusu da sunanka a ma'ajiyar takardun hannun jari ta ƙasa, ka karɓi lambar, kada ka yarda a haɗa kuɗinka da na wani a suna ɗaya ko da ɗanka ne. Kuɗin magani da cefanen wata uku ka bar su a inda hannunka zai kai, domin wanda ya fasa takardarsa kafin wa'adi banki yana saye ne a farashin da ya ga dama.